Manhajar da Ba Ta da Gefen Takarda

Ranar da Darakta ya kira ni ofishinsa ya ce ni zan shugabanci kwamitin da zai zaɓo manhajar adana takardun aikinmu a kwamfuta, na fito ina taku ɗai-ɗai kamar wadda aka bai wa kujerar Makka. Shekarata goma sha ɗaya ke nan a wurin, ni kaɗai ce mace a sashen da injiniyoyi suka cika, kuma duk tsawon shekarun nan ba a san ni da komai ba sai neman fayil idan ya ɓata. Yau ga shi an ce in zaɓa wa kowa hanyar da zai bi. Ba zan ɓoye ba, kaina ya yi girma.

Aikin ofishinmu shi ne kula da rijiyoyin burtsatse da aka haƙa wa unguwanni da makarantu da masallatai a arewacin Kaduna, tun daga Kawo har can cikin Rigasa. Kowace rijiya tana da fayil ɗinta. A ciki akwai rahoton masu haƙa, wanda ya faɗi zurfinta da inda aka tarar da ruwa, da littafin kamfanin da ya ƙera injin da ake zurawa ciki ya turo ruwa, da zanen wayoyin wuta. Duk wanda za a tura gyara sai ya biyo ta ɗakina ya karɓi fayil ya sa hannu. Wani ya dawo da shi da baƙin mai, wani da manjan abincin da ya ci a hanya, wani kuma sai na bi shi har wurin ajiye motoci ina masifa kafin ya tuna yana ƙarƙashin kujera.

Amma duk wannan bai kai rubutun gefe ci mini rai ba. Mai wannan aiki mutum ɗaya ne, babban makanikenmu, wanda kowa ke kira Baba, har Darakta. Ba injiniya ba ne, bai yi jami'a ba, amma ya riga kowannenmu zuwa ofishin, kuma babu rijiyar da hannunsa bai taɓa ba. Daga Hayin Banki yake zuwa a kan wani tsohon babur da ake jin ƙararsa tun daga bakin titi. Kullum akwai guntun fensir soke a gefen hularsa. Idan ya dawo daga gyara, kafin ma ya wanke hannu, sai ya zauna a bencin ƙofar ɗakina, ya buɗe fayil, ya lashi bakin fensir, ya rubuta abin da ya gano a ɗan farin wurin da ya rage a gefen takarda. Da Hausa yake rubutawa, da boko idan yana cikin natsuwa, da ajami idan yana sauri.

Wasu har na haddace su don yawan gani. "Zanen nan ƙarya yake yi, jar waya ce ta hagu." "Kafin a zaro inji a tambayi mai gadi, shi ke kashe ta idan ƙara ta dame shi." "Wannan ba ta son aiki tun safe har azahar, a riƙa ba ta hutu." Yana maganar rijiya yadda ake maganar tsohuwar da aka san halinta. Injiniyoyin nan masu kwalin digiri, idan suka karɓi fayil, gefe suke fara karantawa kafin su duba littafin kamfani, amma ba za ka taɓa jin ɗayansu ya faɗa da bakinsa ba.

Ni kuwa ƙazanta nake gani, kuma ina da hujjata. Takardar aiki ta kowa ce. Idan kowa zai riƙa gyara ta da fensir, wa zai san wanne ne daidai? Akwai injin da muke da littafinsa kwafi uku, kowanne da abin da aka rubuta a gefensa, kuma ni ake tuhuma idan an ɗauki wanda ba shi ba. Na sha yi wa Baba ƙorafi, sai ya yi dariya ya ce, "'Yata, wanda ya rubuta littafin nan bai taɓa ganin ƙasar Rigasa ba. Ni na gani."

Kada a ɗauka akwai wata jiƙaƙƙiya tsakanina da shi. Satin da na fara aiki, wani injiniya ya aike ni in ɗauko masa zanen wani sashen inji da ban taɓa jin sunansa ba, na yi ta lalube a kanta, su kuma suna ƙyaƙyata dariya. Washegari Baba ya shigo da mataccen inji a kafaɗa, ya shimfiɗa tsohuwar jarida a teburina, ya kwance shi ɗaya bayan ɗaya yana gaya mini sunan kowane ƙarfe da aikinsa. Daga ranar ba wanda ya sake aikena irin wannan aike. Shi ya tsaya mini lokacin da ba ni da kowa a wurin.

Mu biyar ne a kwamitin: ni, da injiniyoyi biyu, da mai kula da kwamfutocin ofis, sai Baba, wanda Darakta ya saka don girmamawa tunda saura masa 'yan watanni ya yi ritaya. Muka yi ta tacewa har ya rage saura manhaja uku. Ɗaya tun farko muka ajiye ta, domin ba ta motsi sai da intanet mai ƙarfi, mu kuwa namu sai ka danna ka je ka yi alwala ka dawo bai gama buɗewa ba. Saura biyu.

Ta farko mai kula da kwamfutoci ne ya samo ta. Ba ta da kyan gani ko kaɗan, farin shafi ne da baƙin rubutu. Amma kowace rijiya za ta sami shafinta, ana iya liƙa hoton kowace takarda yadda take, da manjanta da fensirinta, kuma a ƙarƙashin kowane shafi akwai fili da duk ma'aikaci zai iya rubuta abin da ya gano, da harshen da ya ga dama, ko daga wayarsa ne. Tana kuma riƙe sunan wanda ya rubuta da ranar da ya rubuta. Ta biyu wani kamfani ne ya zo tallarta. Ita kowane bayani yana da akwatinsa: zurfi a nan, ƙarfin inji a nan, ranar haƙa a nan. Ba ta karɓar takarda sai wadda aka tantance, kuma mutum ɗaya ne ke da ikon shigarwa ko canzawa. Mutum ɗayan nan ni ce.

Ni na zana jadawalin ba da maki. Na sa saurin nemo takarda, na sa sanin wacce ce sabuwa wacce ce tsohuwa, na sa kyan rahoton da za a kai wa manya, na sa tsaro, kuma tsaron na bai wa maki mafi tsoka. Ban sa layin da ke tambayar ko wanda ya je bakin rijiya zai iya ƙara abin da ya gano ba. A lokacin da an tambaye ni cewa zan yi mantuwa ce. Yanzu na san ba ita ba ce.

Ranar da mutumin kamfani ya zo nuna mana tasa, har Darakta ya halarta. Aka rufe labule aka kunna majigi. Sai ga taswirar Kaduna a bango, kogi ya ratsa ta, ga ɗigo-ɗigo shuɗi, kowane ɗigo rijiya guda. Ya danna ɗaya, bayananta suka fito a jere tsaf. Darakta ya gyara zama ya ce, "Kai, masha Allah." Na saci kallonsa na ga idonsa yana ƙyalli, nan take na san inda zan karkata.

Da ya gama, aka ce ko akwai mai tambaya. Sai Baba ya ɗaga hannu a hankali daga ƙarshen tebur.

"Hajiya," ya ce, domin a gaban mutane haka yake kirana, "ni tambayata ɗaya ce. Ina gefen takarda?"

Injiniyoyi suka fashe da dariya. Mutumin kamfani bai ji Hausa sosai ba, ya dube ni. Ni kuwa, maimakon in fassara masa tambayar, sai na ji daɗin dariyar ya ɗebe ni.

"Baba, ai kwamfuta ba ta da gefe," na ce. "Fensirinku ya huta ke nan. Sai ku kai wa jikoki."

Aka sake yin dariya, har da Darakta. Baba ma ya yi murmushi, ya taɓa fensirin da ke hularsa. Mai kula da kwamfutoci ya sunkuyo kusa da ni ya ce a hankali, "Hajiya, ita ɗayar tana da wurin." Na yi kamar ban ji ba. Da dai wani ya fassara, mutumin kamfani ya nuna wani ɗan mitsitsin akwati a ƙasa, ya ce nan ake sa ƙarin bayani, kalmomi kaɗan, da Turanci, kuma sai shugaban sashe ya amince kafin ya fito. Na ce to ai shi ke nan, an amsa tambayar Baba.

Abin da har yau yake hana ni sakewa shi ne, na gane tambayarsa sarai. Babu wanda ya kai ni gane ta a ɗakin nan. Ni ce nake ganin injiniyoyi suna karkata fayil suna karanta gefe. Amma shekara goma sha ɗaya ina bin mutane ina roƙon takarda, yau ga abin da zai sa kowa ya zo wurina yana roƙo. Kuma ina jin kunyar in kai wa Darakta wancan farin shafin bayan ya ga taswira mai ɗigo shuɗi. Da aka zo ba da maki, Baba ya ce shi bai iya cike jadawali ba, duk abin da muka zaɓa daidai ne. Mai kula da kwamfutoci ya ga inda iska ke kaɗawa ya bi. Ta kamfani ta ci da rata mai faɗi.

Wata huɗu na yi ina shigar da bayanai. Littattafan inji na nemo sababbi fes daga masu ƙerawa, rahotannin haƙa kuwa na kwafe lambobinsu cikin akwatuna. Ke nan babu fayil ɗin da bai bi ta hannuna ba, babu rubutun gefen da idona bai sauka a kai ba. Ina buɗewa in gani, in ce wannan ba shi da akwati, in rufe in ɗora a kan tari. Na yi wa kaina alkawari idan na gama zan ɗauki hotonsu duka da waya in ajiye ko don tarihi. Da na gama, aka ce ɗakin fayil za a mayar da shi ɗakin kwamfuta. Leburori suka kwashe fayilolin zuwa wani tsohon sito a bayan ofis, kusa da ɗakin janareta. Aka kawo mini takarda in sa hannu cewa duk abin da ke cikinsu ya shiga manhaja, na sa.

A watannin nan Baba ba shi da wani aiki. An daina tura shi gyara tunda ya kusa tafiya. Yana zuwa da safe ya zauna a bencin nan nasa, ya gaisa da masu wucewa, ya yi azahar a masallacin ofis, ya hau babur. Wani lokaci ya leƙo ya ce, "Sannu da aiki, 'yata. Akwai abin da zan taimaka?" In ce, "Babu komai, Baba, ku huta."

Ranar walimar bankwanarsa aka dafa shinkafa, aka ba shi shadda da agogon bango, Darakta ya yi jawabi ya ce ofis ya yi rashin uba. Da aka watse sai ya ja ni gefe, bakin ƙofar ɗakina.

"'Yata, wata alfarma nake nema. Tsofaffin fayil ɗin nan, tunda an gama da su, ko za a bar ni in tafi da su gida?"

"Ayya, Baba, kun san doka. Kayan ofis ne, ba a fita da su."

"Haka ne, haka ne." Ya gyaɗa kai. Sannan ya ce, "To amma an dai shigar da na gefen, ko?"

Akwai mutane suna wucewa da robobin abinci a hannu. Yana riƙe da agogonsa a ƙirji. Ban so in ɓata masa ranar ba, haka na gaya wa kaina daga baya, amma gaskiya kunyata nake gudu.

"An shigar, Baba," na ce.

"Alhamdulillahi. To ai shi ke nan, hankalina ya kwanta. Allah Ya yi miki albarka."

Na amsa da amin. Albarkar nan ta fi duk zagin da aka taɓa yi mini nauyi.

Na so in je siton a satin. Sai aka tura ni taron ƙara wa juna sani, na dawo azumi ya kama, bayan salla kuma makullin ya shige hannun wani da ya tafi hutu. Kullum akwai dalili. Damina ta sauka ta yi ta zuba, ina kwance a gidana a Unguwar Rimi ina jin ruwa a kan rufi, sai siton ya faɗo mini a rai, in ce gobe. Sai da ruwa ya ɗauke na karɓi makullin na buɗe. Wari ne ya fara tarbata. Kwanon rufin ya huje daidai kan tarin, takardun sun jiƙe sun manne sun zama dunƙule guda, abin da ruwa ya rage kuma gara ta gina gida a ciki. Na ciro ɗaya daga sama, ya marmashe a hannuna. Na rufe ƙofa, na mayar da makulli, ban gaya wa kowa ba. Bayan wani lokaci aka sa leburori suka share wurin, ba wanda ya tambaya, tunda ga sa hannuna cewa komai yana cikin kwamfuta.

Don Allah kada a ce manhajar ba ta yi aiki ba. Ta yi. Fayil ya daina ɓata, an daina rigimar wane kwafi ne daidai, baƙi idan sun zo Darakta yakan kawo su ɗakina a kunna musu taswira. An ƙara mini girma a shekarar. Sai dai gyare-gyaren da ake gamawa a yini guda suka fara cin kwana uku, ana dawowa ana cewa zane bai yi daidai da abin da aka tarar ba. Ina jin wannan in kawar da kai, in ce ai sababbin ma'aikata ne, za su goge.

A bazarar shekara ta biyu injin wata rijiya a Rigasa ya mutu don tsufa. Rijiyar tana ƙofar wata makarantar Islamiyya, ita makarantar ke sha, ita layin gaba ɗaya ke ɗiba. Aka tura injiniya da sabon inji. Ya buɗe manhaja a wayarsa, ya ga zurfin da masu haƙa suka rubuta a ajiye inji, ya zura shi daidai nan. Bai yi laifin komai ba, lambar da na shigar da hannuna ya bi. Ashe ƙasan rijiyar ya daɗe da cikewa da yashi. Inji ya zauna cikin yashi, ya zuƙa, ya ƙone, ya kuma maƙale. Da aka zo zaro shi bututu ya tsinke, ya tsaya can ciki ya toshe ramin. Aka yi kwana da kwanaki ana fama, daga ƙarshe aka ce rijiyar ta tafi.

Malamin makarantar ne ya zo ofis da kansa, dattijo mai farin gemu, aka turo shi wurina tunda ni ke riƙe da bayanai. Bai ɗaga murya ba. Ya ce yanzu wurin 'yan ga-ruwa suke saye, ɗalibai kuma an ce kowa ya riƙa zuwa da alwalarsa daga gida, matan layi suna tafiya har bakin titi da jarkoki a wannan zafi.

"Abin da ya ɗaure mini kai, Hajiya," ya ce, "tsohon nan da ke zuwa mana da, duk zuwan da zai yi sai ya ɗaga injin sama. Na taɓa tambayarsa, idan ba ka nan fa? Ya ce kada in damu, ya rubuta, duk wanda ya zo zai gani. Shin ba a gani ba ne?"

Na tuna fayil ɗin. Na tuna akwai rubutu a gefen rahoton haƙa, da ajami, an ja masa layi biyu a ƙasa. Na gan shi da idona, ban tsaya karantawa ba. Na ce wa Malam za a bincika. Ya yi mini godiya, ya tafi.

Ranar Asabar da hantsi na tuƙa mota zuwa Hayin Banki. Ban taɓa zuwa gidansa ba, shekara biyu ko gaisuwar salla ban aika ba. Wani mai shago ya nuna mini lungun. Matarsa ta tarbe ni da murna kamar ta san ni, ta ce ai kullum sai ya yi maganata. Na same shi a tsakar gida a kan tabarma, ya rame, hannunsa na dama yana rawa a kan cinyarsa. Babur ɗin yana jingine da bango an lulluɓe shi da buhu. Agogon da muka ba shi yana rataye a baranda.

"Lale da 'yata! Yau manya ne a gidanmu. Ya ofis? Ya kwamfuta?"

Muka gaisa, aka kawo ruwa da zoɓo. Na ba shi labarin rijiyar Rigasa. Ya yi salati, ya girgiza kai.

"Ta ƙofar Islamiyya? Ai wannan ba a kai mata inji ƙasa. Amma na rubuta, har layi na ja. Yana cikin kwamfutarku. Wanda ya je ne bai duba da kyau ba, yaran yanzu da gaggawa. Ki koma ki duba, za ki gani."

Da na yi shiru a nan, da ya tafi da yardarsa, laifi kuma ya zauna a kan injiniyan da bai ji ba bai gani ba. Na ajiye ƙoƙon zoɓo a gefe.

"Baba, ba ya ciki," na ce. "Babu ko ɗaya a ciki. Ban shigar ba. Ƙarya na yi muku ranar walima. Fayilolin kuma ruwa da gara sun cinye su a sito."

Baba ya kawar da kansa gefe. Kaza ta zo tana tsattsagar gefen tabarma, bai kore ta ba. Na so a ce ya yi mini faɗa, ya kira ni maƙaryaciya, ko ya ce in tashi in bar masa gida. Sai ya yi magana a hankali, ba ni yake kallo ba.

"Da kin gaya mini tun kina shigar da bayanan, ai da na zauna na kwafe su. Wata nawa na yi a bencin nan ina zaman banza? Hannuna lafiya lau a lokacin."

Hawaye suka zubo mini. Na ce ya yafe mini. Ya ce, "Allah Ya yafe mana baki ɗaya," kuma na san har zuciyarsa ya faɗa, amma hakan bai rage mini komai ba. Na tambaye shi ko yana tuna tsawon bututu nawa yake ɗaga injin Rigasa, ko don a rubuta a san abin da ya faru. Ya runtse ido, ya ƙirga da yatsu, ya sake ƙirgawa.

"Biyu ne ko uku. Wallahi ban sani ba. 'Yata, ai na rubuta ne don kada in riƙe a ka."

Rijiyar Rigasa ba ta dawo ba. An rufe bakinta da siminti, layin nan sun daɗe suna sayen ruwa kafin a haƙa musu wata. A taswirata ɗigonta ya koma ja, kuma ni ce na danna na mayar da shi. Ranar Litinin na je na gaya wa Darakta cewa laifin ba na injiniya ba ne, na faɗa masa abin da na sa wa hannu ba gaskiya ba ne. Ya ce abin da ya wuce ya wuce, kada in tayar da ƙura. Ba wanda ya hukunta ni, har yau ina kan kujerata. Manhajar ma tana nan, da ɗan akwatinta na kalmomi kaɗan.

Amma wannan duk daga baya ne. A ranar Asabar ɗin nan a gidansa, ina shirin miƙewa in yi sallama, sai Baba ya ce, "Kina da takarda a jakarki?"

Akwai wani sabon littafin rubutu da aka raba mana a wurin taro. Na ciro shi da biro.

"To zauna. Ni hannu ya ƙi. Rubuta wanda na tuna, kafin shi ma ya tafi."

Ya fara da wata rijiya a Kawo, ya dawo ta bayan kasuwa, ya tsaya, ya ce a'a, wannan ta wani masallaci ce, soke. Wasu ya tuna halinsu ya manta inda suke, wasu ya tuna inda suke ya manta abin da ke damunsu. Daga aikin shekara talatin da wani abu, abin da muka samu bai cika shafi huɗu ba. Ni kuwa ina ta rubutu da sauri don kada kalma ta kuɓuce mini, ina cike layi tun daga wannan baki har wancan.

Ya sunkuyo ya dubi shafin. Ya miƙo hannun nan mai rawa, ya ɗora yatsa a bakin takardar, inda rubutuna ya kai har ƙarshe.

"Bar gefe, 'yata," ya ce. "Wani zai zo bayanki."